Karena na farauta ya addabi karnukan gari

Assalamu alaikum 'yan uwa mafarauta. Ina wani ƙauye kusa da Ringim. Karena lafiya lau yake da mutane, amma da ya hango wani kare sai ya yi kukan kura. Har kunnen karen maƙwabcina ya yaga, sai da mai unguwa ya shiga tsakani. Ba hauka ba ce, an yi masa allura.

Wani ya ce in saya masa abin wuya mai tsini, wanda ke matse shi in ya fizga. Tsorona kada ya ɗauka ɗaya karen ne ya jawo masa zafin, faɗan ya ƙaru. Don Allah wanda ya gwada, ya gyaru kuwa? Ko dandaƙa ta fi, ko takunkumi?