Baitukan ta'aziyyar Baba maƙeri

Babban ɗa, Tahoua:
Salamu alaikum 'yan uwa. Mun gode wa waɗanda suka tako da waɗanda suka bugo waya. An yi sadakar bakwai, baƙi sun watse. Baba ya haura shekara 90, tun kafin Nijar ta samu 'yancin kai a 1960 yake riƙe da masaba. Ga 'yan baituka, mai abin cewa ya ɗora.

Da sunan Allah zan fara,
Wanda ya ba mu uba a maƙera,
Ya karɓi abinsa, ba mu da ƙara,
Allah ka gafarta wa Baba.

Kakansa ya narka tama a dawa,
Shi ƙarfen mota ya iske ana sarewa,
Ko wanne ne, in ya sha hurawa,
Sai ya rusuna gaban masaba.

Tun asuba zugazugi ke kuka,
Sungumi ne kafin a yi shuka,
Sai hauya, sai lauje ran kaka,
Bai san wata ranar hutu ba.

Samarin Adar kowa ya tafi bida,
Abijan ko Libiya, an bar mata a gida,
Ya ce, "To wa zai ƙera abin huɗa?"
Bai taɓa kwana a tasha ba.

Manomin albasa, Galmi:
Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Yaran yanzu ba su san yunwar El-Buhari ba. A 1984 ruwa ya ɗauke, Najeriya ta rufe iyaka, gwamnatin shugaban Nijar Seyni Kunce ta ce kowa ya kama noman rani. A nan na san ko wane ne mahaifinku.

Ɗan Baba, ka faɗi kaɗan ka bar da yawa,
Bari mu manoma mu yi ƙarawa,
Shekarar da gero ya ƙi fitowa,
Ba mu ga ko zangarniya ba.

Muka koma fadama haƙar rijiya,
Noman rani shi ne hanya ɗaya,
Na je maƙera ba ko anini a jaka ta baya,
Bai tambaye ni ko dala ba.

Ya ce, "Ɗauki kalme, je ka yi aiki,
In albasa ta yi, ka ɗoro wa jaki,
In ba ta yi ba, Allah ne Sarki."
Bai rubuta a takarda ba.

Af, kafin in manta: akwai kuɗin kalme biyu na bara a kaina. Ka faɗa mini hannun wa zan damƙa.

Tsohon yaron maƙera, Yamai:
Allah ya kai haske kabarinsa. Amma Yaya, ku bar ni in faɗi ɓangaren da ku ba ku ɗanɗana ba.

Baba akwai faɗa, ku daina ɓoyo,
Ni ne na durƙusa gabansa koyo,
In na yi gyangyaɗi zuga ta yi yoyo,
Kunnena bai sha da daɗi ba.

In na ƙera lauje ina ta taƙama,
Ya karɓa, ya juya, ya ɗaga sama,
Ya ce, "Wannan za ka ba mai noma?"
Ya mai da wuta, bai dube ni ba.

Sai kuma 1994, da aka karya darajar Sefa da rabi:

Sefa ta faɗi, ƙarfe ya yi tsada,
Wasu suka rage wa hauya kauri suka saida,
Shi ya ƙara kuɗi a fili, kowa shaida,
Bai rage nauyin ƙarfe ba.

Yau ina walda, ƙofa da taga,
In yaro ya yi ha'inci na hanga,
Muryar Baba ce ke fita, in ce masa tsaya ka ga,
Ban san sanda na gaje ta ba.

Jikanya, Tahoua:
Kawu, ku matsa haka nan, uwargida ta riga shi tafiya, saura ni.

Ku ba ni wuri, ni ce amarya,
Tsohon nan ya shirga mini ƙarya,
Ya ce zai kai ni Makka da sarƙa a wuya,
Ya gudu bai biya sadaki ba.

Amma kuɗin lakwal bai taɓa latti,
Ya sai mini littafi har da akwati,
Ya ce boko ba ya hana salati,
Bai bambanta mu da maza ba.

Da kishiyata ta kwanta, ƙafa ta ƙi tashi,
Shi ke dama fura ya ba ta da kanshi,
Ana zunɗen sa a gari, bai ji haushi,
Bai bar jinyarta ga kowa ba.

Auta, Abijan:
Waya ta iske ni a bakin teku,
An ce an rufe shi tun ƙarfe uku,
Yaya, ku yafe, nisa ya raba ni da ku,
Ban samu kama makara ba.

In na aiko da 'yan jikkuna,
Sai ya auno gero ya bi 'yan uwana,
Ya ce wa Inna, "Ni ina da hannuna."
Bai ci kuɗin bida ba.

Babban ɗa, Tahoua:
Auta, share hawaye, addu'arka ta fi zuwanka amfani gare shi. Na Yamai, ba ka yi ƙarya ba, mu ma kunnuwanmu sun shaida, kai dai ka fi mu zama kusa da wuta. Baffa na Galmi kuwa, ga amsarka:

Mun zauna mu magada mun tattauna,
Duk mai bashin hauya ko na gona,
Mun yafe, kowa ya yi barci da rana,
Ba za mu bi kowa ba.

Manomin albasa, Galmi:
Ku kun yafe, ni ban yarda ba, ɗana,
Buhun albasa na nan cikin rumbuna,
Ran arba'in zan sa shi a mota da kaina,
Ku dai tanadi shinkafa, ban ce da ita zan zo ba.