Yarona ya ƙi zuwa makaranta saboda cin zali, ku ba ni shawara

Ɓoyayyiyar mamba: Assalamu alaikum iyaye da yayye. Admin don Allah a ɓoye sunana. Yarona shekararsa 9, yana aji huɗu, kuma yana da i'ina tun yana ƙarami. Da a Kurna muke zaune, bara muka dawo Rijiyar Zaki saboda mai gidan da muke haya ya sayar. Ni na so a bar shi a tsohuwar makarantarsa, Abbansu ya ce kuɗin adaidaita kullum ba zai yiwu ba, shi ne muka sa shi wata mai zaman kanta kusa da gida, har kuɗin zango biyu muka biya a haɗe. Yanzu kullum da safe sai ya ce cikinsa na ciwo. Ya dawo fitsarin kwance. Jiya ina masa wanka na ga shatin rula a bayansa, da ƙyar ya faɗa min wasu yara uku ne ke ƙwace masa kuɗin tara, suna kwaikwayon maganarsa. Ɗaya ɗan abokin Abbansu ne. Wallahi ban yi barci ba. Ya zan yi?

Maman Khairat: Allah sarki. Ki riƙa yi masa addu'o'in tsari safe da yamma. Amma kin gaya wa malamin ajinsu?

Hajiya Binta: Ƙanwata, ciwon cikin nan da fitsarin duk tsoro ne, kada ki kuskura ki dake shi a kai. Ki ɗauki hoton shatin yau. Gobe ki je wurin hedimasta da kanki, ki kai ƙorafi a rubuce da kwanan wata, ki riƙe kwafi. Maganar baki shan ruwa take. In sun yi shiru, ki tayar da ita a taron PTA. Kano tana da dokar kare yara tun 2023, su ma sun sani.

Abu Sadik: Hajiya, da girmamawa, takarda ba ta hana duka. Namiji ne, a koya masa ya rama. Rana ɗaya ya tsaya musu, sun bar shi ke nan.

Hajiya Binta: Yaro ɗaya ya rama a kan uku? In suka karya shi kai za ka kai shi asibitin ƙashi na Dala?

Ummu Sultan: Ni wannan zancen ya tayar min da tsohon miki. A makarantar kwana siniyoyi suka riƙa sa ni ɗebo musu ruwa kafin asuba, su cinye min garin kwaki da sukarina. Da na gaya wa Innarmu cewa ta yi kowa da haka ya girma. Har yau ba na son jin ƙarar ƙararrawa.

Ɓoyayyiyar mamba: Na gode. Hajiya, ba zan iya zuwa makarantar ba tare da izinin Abbansu ba, shi kuma ya ce rigimar yara ce, kada in ɓata masa zumunci. A Kantin Kwari shagonsu ɗaya da uban yaron.

Hajiya Binta: To ki nuna masa bayan ɗansa. Zumuncin kasuwa ya fi lafiyar yaro? In ya ƙi, ki samu surukarki ta yi masa magana.

Maman Khairat: Ko ki sami uwar yaron ku yi magana ta fahimta, wataƙila ba ta ma sani ba.

Abu Sadik: A'a, nan ne rigima za ta koma ta manya. Ku canza masa makaranta kawai.

Ɓoyayyiyar mamba: Ai na faɗa mun biya har zango na gaba, ba sa mayar da kuɗi. Surukata kuwa ba mu cika shiri ba. Na dai daina ba shi kuɗin tara, ina zuba masa abinci a kula.

Hajiya Binta: Abincin ma za su ƙwace. Har yanzu ba ki ba mu amsa ba, malamin ajin ya sani ko bai sani ba?

Ummu Sultan: Gobe Litinin fa. Za ki tura shi?