Yadda ake auna matasa masu bugu da jifa a kurket na kwana biyar

Masu bin kurket a Maraɗi ba su da yawa, amma da suka zauna kan wannan batu, bakinsu ya zo ɗaya a kan ma'auni guda: matsakaicin makin da yaro ke ci a bugu ya fi matsakaicin makin da ake ci a kansa idan yana jifa, kafin ya fitar da mai bugu ɗaya daga wasa. In ba haka ba, rabi da rabi ne kawai.

Marco Jansen na Afirka ta Kudu, dogo mai jifa da hagu, ya fitar da ƴan Siri Lanka 7, maki 13 kacal aka ci a kansa, a Durban a 2024. Jifarsa ta nuna, bugunsa ne da saura. Cameron Green na Ostareliya akasin haka ne: ya ci maki 174 ba a fitar da shi ba a Wellington, amma aikin tiyatar baya ya hana shi jifa na tsawon lokaci. Nan ne matsalar take, domin jifa mai gudu tana cin ƙashin bayan matashi.

Nitish Kumar Reddy na Indiya ya ci 114 a Melbourne, sai dai wasa ɗaya ba ya isa hukunci. A jira shi ya buga kamar wasa 20, gida da waje.