Shawarwari kan tarukan duniya na ruwa da tsafta

A wata tattaunawa da ma'aikatan ruwa da malaman jami'a suka yi a Yamai, an fi jan hankali kan cewa wakilan Nijar su riƙa zuwa irin waɗannan taruka da buƙatu ƙayyadaddu, domin alƙawuran da aka ɗauka a taron ruwa na duniya na Dakar na 2022 da taron ruwa na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2023 ba su da ƙarfin doka.

Wasu sun ce a fara daga gida. Hukumar kula da kogin Neja, mai ƙasashe 9, hedikwatarta tana nan Yamai, saboda haka ya kamata maƙwabta su riƙa sanar da juna hauhawar ruwa tun kafin ambaliya ta cinye unguwar Harobanda da ke bakin kogi a Yamai. Haka ma ya kamata su haɗa kai kan ruwan ƙarƙashin ƙasa na yankin Iullemmeden, wanda rijiyoyin Tawa ke sha tare da na Mali da Najeriya.

Batun tsafta kuwa, a ganina shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. An ba da shawarar duk yarjejeniyar da za a sa wa hannu ta tanadi kuɗin gina masai a makarantu da kasuwanni, da na gyaran famfo, tunda mai ba da tallafi yakan tafi ya bar kwamitin ƙauye ba ko kayan gyara.