Neman kalmar Hausa: salon bentileta da numfashin ƙashin kai

1/ Ma'aikatan asibiti da masu fassara, ku matso. Tun zamanin korona kafafen labarai suka tsayar mana da "na'urar taimaka wa numfashi" a madadin bentileta, kuma ta zauna a bakin jama'a. Ba ni da ja. Inda gizo ke saƙar shi ne abin da Bature ke kira "mode", wato tsarin da ake saita injin ya yi aiki a kai, da kuma "spontaneous breathing", wato numfashin da mara lafiya ke ja da kansa.

2/ Likita ya fito daga sashen kulawa ta musamman ya ce wa dangi "yana kan inji". Jiya haka, yau ma haka. Alhali jiya injin ne ke yi masa komai, yau kuwa shi ke fara jan iska injin ya ƙarasa masa. Tsakanin biyun akwai tazara mai yawa, amma babu kalmar da za a faɗa musu.

3/ Ga "mode" na zaɓi salo. "Yanayi" ya sha kaya, shi ne na damina, shi ne na jikin mara lafiya.

4/ Manyan salon uku ne, kuma abin da ya raba su shi ne wa ke riƙe da ragama.
Salon karɓa: na'ura ta karɓe numfashin ɗungurungum, ita ke yanke sau nawa a minti da yawan iskar.
Salon amsawa: mutum ya ɗan ja, na'ura ta amsa masa da cikakken numfashi. In ya yi shiru ta ba shi da kanta.
Salon tallafi: kowane numfashi shi ke fara shi, na'ura ta ɗan tura masa iska don ta rage masa wahala. Saurinsa da zurfinsa galibi suna hannunsa.

5/ Sai mai wuyar, "spontaneous breathing". Wani ya kawo "numfashin ganin dama". A'a, ba wanda ke numfashi don ya ga dama. "Numfashin kai" gajere ne, sai dai wani zai ɗauka kan da ke bisa wuya ake nufi. An kuma kawo "numfashin lafiya", kuma wannan ne na fi ƙi.

6/ Ga dalili. A mummunan raunin huhu na farat ɗaya, wanda likitoci ke kira ARDS, 'yan jakunkunan iska na cika da ruwa su rufta. A 1967 aka fara bayyana shi a Denver ta Amurka, kan majinyata 12. Ɓangaren da ke saura yana aiki kan ƙanƙance, har likitan Italiya Luciano Gattinoni ya kira shi huhun jariri. A shekarar 2000 wani gwaji a Amurka kan mutum 861 ya nuna cewa ba da mililita 6 na iska ga kowane kilo na nauyin jiki a kowane numfashi, maimakon 12, ya sauko da mace-mace daga kusan kashi 40 cikin ɗari zuwa 31.

7/ To, wanda ke fama da yunwar iska bai san wani mililita 6 ba. Za ka ga hancinsa na buɗewa, jijiyoyin wuya sun miƙe, tsakanin haƙarƙari na lotsawa, na'ura na ta ƙara don yana kokawa da ita. Wannan fizgar da kanta tana ƙara ɓata huhun. Shi ya sa a wasu lokuta ake ba shi maganin barci da na sassake tsoka, a mayar da shi salon karɓa. Wani gwaji a Faransa a 2010 ya ga amfanin yin haka na awa 48, wani a Amurka a 2019 bai gani ba, don haka ba kowa ake yi wa ba.

8/ Kuma in an hana shi ja gaba ɗaya, tsokar da ta raba ƙirji da ciki sai ta fara ramewa. Wani bincike a 2008 ya gano haka bayan awa 18 zuwa 69 kacal. Ke nan numfashin da mutum ke ja da kansa na iya zama magani, yana iya zama cuta. In muka laƙaba masa "lafiya", ranar da likita ya dakatar da shi dangi za su ce an cuci ɗan'uwansu. Muna buƙatar kalmar da ba ta yabo ba ta kushe: numfashin ƙashin kai. A bakin gado kuwa, "yana ja da kansa" ya wadatar.

9/ Biyu masu sauƙi. PEEP, ɗan matsin da ake bari a ƙarshen fitar da iska don kada jakunkunan su rufta: matsin tokare. Raba mutum da na'ura sannu a hankali kuwa, yaye, ko kaka a ƙauye ta gane.

10/ Saura SIMV, mai cakuɗa numfashin dole da na ƙashin kai. Na rubuta "salon gauraye". Nas-nas da ke kwana da waɗannan injinan, in kuna da wadda ta fi ta, ku ajiye a ƙasa.