Musayar waƙa: majami'ar Heptonstall ta Ingila mai kusurwa takwas

Ɗanmagina:
A Heptonstall, ƙauyen masaƙa bisa tsauni mai wuyar hawa,
1764 'yan Metodis suka yi ginin dutse mai daɗewa,
Kusurwa takwas jagoransu John Wesley ya so, don wa'azi ya zam kaiwa,
Shekaru aru-aru aka yi ana sujada a ciki, babu rufewa.

Uwar Baiti:
Ƙanena, ka hau rassa ka baro mana tushe,
Fasalin a Norwich Wesley ya gani, 1757, ya riƙe koyaushe,
Jama'a ta yi yawa, 1802 aka buɗe gefe aka ƙara sashe,
Bango biyu suka yi tsawo, daidaiton takwas ɗinka ya rushe.

Malam Aruli:
Ku dakata. In aka furta 1764 da baki, ita kaɗai ta cinye ɗango guda. Wannan kari ne ko jawabin taro?

Na Gefe:
Malam, je ka ƙirga gaɓa, bar mu mu yi magana,
Ta garin Yarm ta riga ta, 1763, tarihi ya nuna,
Ita ma takwas ce, masu sujada har gobe sukan zauna.

Malam Aruli:
Ƙwar uku a zauren ƙwar huɗu. Ina ka jefar da ɗayan?

Ɗanmagina:
Yaya, shekaru kika haddace, ba ki san kwaɓin yashi,
Farar ƙasa awo ɗaya, yashi uku, bango ya sami numfashi,
A liƙa wa tsohon dutse siminti, ruwa ya maƙale, sai danshi,
Hunturu ya daskarar da shi, fuskar dutse ta ɓare ta tashi.

Na Gefe:
Kai, gwani! A ba shi kambu, an gama.

Uwar Baiti:
An gama a gidan wa? Saurara:
Kana ta shafar bango ka mance da indararo,
Ganye ya toshe shi, ruwa ya mai da bangon kwararo,
Rufin ma a Rotherham aka haɗo, gwanintar ta aro,
Mahaɗa takwas gare shi, ɗaya ta buɗe katako ya ruɓe, nan ne abin tsoro.

Talatu:
Allah Ya ja zamanin Uwa! Na Gefe, ɗazu kana Yarm, yanzu kana bayan magini, wai kai na wa ne?

Malam Aruli:
Ɗangon ƙarshen Uwa ya yi jela. Kuma "yashi" da "danshi" ba su jitu ba, a ɗaya akwai "n" kafin "shi".

Ɗanmagina:
Gaɓar ƙarshe ake dubawa, Malam, ba maƙwabciyarta ba. Kawo baitinka guda mu auna.

Malam Aruli:
Yana zuwa. Sai na sami abin da zai amsa wa Rotherham.