Zafin garin Garwa na Kamaru ya yi yawa, hadari sai ya haɗo ya wuce mu, ya zan yi da Inna?

Maman Sadiya (Garwa, Rumde Ajiya):

Slm jama'a, barkanmu da war haka, ya muka ji da zafi. Dan Allah shawara nake nema akan surukata, Inna, tsohuwa ce sosai kuma tana da hawan jini, ɗakinta rufin kwano ne ba silin, daga ƙarfe goma sha ɗaya na safe ba ya shiguwa, waya tana nuna zafi digiri 43 wani lokaci 44, ga kuran (wutar lantarki) ɗin nan da ake ɗaukewa sai fanka ta tsaya cak. Kwanakin nan ba ta cin abinci sosai, ruwa ma sai an yi da gaske take kurɓa, wai ita ba ta jin ƙishi, jiya da la'asar har ta ɗan riƙa magana ba kan gado tana kiran sunan ƙanwarta da ta rasu tuntuni, bayan magariba ta dawo daidai. Mun ba ta parasetamol. To abin da ya ƙara ɗaure min kai, kullum da yamma hadari na haɗowa ta gabas baƙi ƙirin, a yi iska a yi ƙura, mu kwashe shanya da tabarmi, sai ka ji wai an yi ruwa a Pitowa ko can wajen gada, mu ko ɗigo, kuma daren ya fi na jiya zafi. Shin damina ce ta kama mu ƙara haƙuri, ko da saura? Kuma in bar ta ta kwana a tsakar gida ko kuwa?

Malama Nas (Marwa, Domayo):

Wslm Maman Sadiya, sannu da jinya, Allah ya ba ki lada. Ni aikin asibiti nake, kuma maganar da ta fi tsaya min a rai ita ce sambatun nan na jiya. Kar ki ɗauka tsufa ne kawai. Tsoho in zafi ya fara taɓa shi sau da yawa ta kai yake fara nunawa, rikicewa, yawan barci, jiri in ya miƙe. Ki kai ta lopital (asibiti) a auna tansiyon ɗinta, wato hawan jininta, gobe da sassafe kafin rana ta ɗaga, ki tafi da kwalayen magungunanta duka, domin cikin maganin hawan jini akwai masu sa yawan fitsari, a wannan yanayin suna ƙara busar da jiki. Amma kar ku tsayar mata da magani da kanku, likita ne zai ce a rage ko a bari.

Batun ba ta jin ƙishi gaskiya ta faɗa miki, tsofaffi haka suke, jiki ya bushe amma ƙishin bai zo ba. Kar ki jira ta nema. Ki ajiye kofi kusa da ita, kurɓi kaɗan-kaɗan duk bayan ɗan lokaci, ruwan randa ya isa ba sai na firigo ba, in ta gaji da ruwa ki yi mata kunu mai ruwa-ruwa ko tsamiya ko kankana. Ki riƙa lura da fitsarinta, in ya yi ja ko ya yi kaɗan to ruwan bai isa ba. Ruwan gishiri da sukari da muke koya wa iyaye, wato lita 1 na ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, yana da kyau ga mai gudawa ko wanda ya yi aiki a rana, amma ita da ke da hawan jini ki tambaya tukun.

Parasetamol kuma ba ya sauke irin wannan zafin, na zazzaɓi ne shi. Abin da ke aiki shi ne ki jiƙa zani ki lulluɓa mata, ki shafa ruwa a wuya da hammata, sannan a yi fifita. Ko kuran na nan, in ɗaki ya wuce 40 fanka iska mai zafi kawai take watsa wa mutum sai in jikinsa a jiƙe yake. In kuwa kika ga jiki ya yi zafi rau, ta daina gane mutane, ko amai, ko wuya ya ƙage (lokacin sanƙarau ne fa kar a manta), to ba batun jiran safiya, ku ɗauke ta nan take kuna jiƙa ta a hanya.

Baba Manomi (Gider):

'Yata, damina da saura. Wannan da kike gani mu tun muna yara muke ganinsa a watan huɗu zuwa farkon na biyar, ruwa ne na yaudara, ya jiƙa gonar wani ya tsallake ta maƙwabcinsa. Wanda ya yi gaggawa ya zuba iri da shi sai rana ta dawo ta ƙone tsiron, an yi asarar iri an yi asarar wahala. Mu nan ba ma sakin jiki sai ƙarshen watan biyar zuwa na shida, mutanen Marwa ma sun fi mu jira. Ngaundere ce ke riga kowa, su suna kan tudu sama da mita 1000, ku kuwa Garwa kuna cikin kwarin Binuwai ne shi ya sa zafinku ya fi nauyi. Ki fitar da ita tsakar gida ta kwana, cikin gidan sauro, a yayyafa wa ƙasa ruwa bayan magariba. Kwanon nan da bulo suna riƙe zafin rana har tsakar dare. Da can da muke ɗakunan ƙasa da rufin ciyawa ba mu san wannan azabar ba, amma yanzu kowa kwano yake so don kar a ce bai waye ba. In da hali a shimfiɗa zana ko karan dawa a kan kwanon a ɗaure da kyau.

Abba Kilando (Njamena):

Hhh Baba ka faɗi gaskiya amma a ɗaure ɗin nan a ja masa layi, wlh iskar da ke zuwa gaban hadarin nan ba ta wasa, mu nan sai ka ga gari ya yi ja, kafin ka faka mashin kwanon wani ya taso sama, na ga wanda ya yanke wa mutum ƙafa a bakin titi. Ni ina kan mashin daga safe, tsakanin sha biyu da ƙarfe uku na daina aiki gaba ɗaya, kuɗin bai kai ba, sit ɗin ma ba ya zaunuwa. Ku Garwa ku gode Allah kuna da dam ɗin Lagdo mai ba ku wuta ko da ruwan dam ɗin na ja baya a rani, mu sai ka kwana ka wuni ba wuta, ƙanƙara ta koma kayan masu kuɗi. Hajiya a gaida Inna, a yi mata karkanji (zoɓo) mai sanyi amma kar a cika sukari.

Malam Lakwal (Kuseri):

Bari in ɗan ƙara akan tambayar me ya sa ruwan ke sauka wani wuri ya bar wani. A wannan lokacin iska mai laima daga teku ta kudu ta fara hawowa arewa amma ba ta yi kauri ba tukun. Rana ta gasa ƙasa, iska mai zafi ta tashi sama da ɗan laimar da ta samu, sai gajimare ya taru da yamma, shi ya sa kusan kullum bayan la'asar ne. Faɗinsa 'yan kilomitoci ne kawai, inda ya bi nan ne ya samu, wani lokaci ma ruwan yana bushewa a sama kafin ya iso ƙasa, ku sai iska da ƙura. Daren da kika ce ya fi zafi kuwa laimar ce, gumi ba ya bushewa a jiki, to jiki ba ya hucewa, kuma wannan ya fi cutar da tsoho akan busasshen zafin watan uku.

Kuma kar a raina abin. A farkon Afrilun 2024, cikin azumi, garin Kayes na Mali ya kai 48.5, asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ƙirga mutum 102 da suka rasu cikin kwana huɗu, da yawansu tsofaffi ne. Mu da su duk layi ɗaya muke.

Kwanan waje ina goyon bayan Baba, sai dai kar a shimfiɗa mata ƙarƙashin darbejiya ko mangwaro in hadari ya haɗo, reshe na karyewa kuma aradu ta fi son dogon abu. Da kun ji tsawa ku shiga ɗaki da ita, ku bari sai an yi kamar minti 30 ba a ji ƙara ba sannan ku fito. Yara masu wanka a kogi su ma a kira su.

Abba Kilando (Njamena):

Malam to batun waya fa? Mu nan da an fara walƙiya sai tsofaffi su ce kowa ya kashe waya wai tana jawo aradu

Malam Lakwal (Kuseri):

Wayar hannu ba ta jawo komai Abba, wadda ke jone da caji a bango ita ce abin gudu, ita da tele da firigo, a cire su daga soket. Kai da ke kan mashin a fili kai ne ma abin ji, ba mai waya a ɗaki ba.

Maman Sadiya (Garwa, Rumde Ajiya):

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Malama na gaya wa maigidan, gobe in sha Allah da asuba za mu kai ta, na haɗa magungunan a leda. Yau na jiƙa mata zani ta ce wai za mu sa mata sanyin ƙashi, da kyar ta yarda, amma ta sha kunun tsamiya kofi guda. Baba zanar nan ta kan kwano, da igiya ake ɗaurewa ko da waya? Ga shi ma yanzu gabas ta fara yin duhu, bari in je in kwashe shanya.